Tsakin Mai Sikeli

Faruk da Hauwa, wannan babin na daɗe ina zagaye shi. Na rubuta muku zuwanmu London, na rubuta rasuwar mahaifinku, Allah ya jiƙansa, na rubuta yadda muka koma flat ɗin council, wato ƙaramar hukuma, a unguwar Deptford da tukwane biyu da bargo ɗaya. Da na iso nan sai biro ya yi mini nauyi. Shekara da shekaru kuna gaya wa mutane cewa Girkawa sun ci moriyar ganga sun ya da kwaurenta, wai sun kori uwarku daga kulob ɗinsu don baƙar fata ce. Na ji ka da kunnena, Faruk, kana faɗa wa surukanka haka ranar sunan 'yarka, ina zaune a gefe ina cire ƙayar kifi, ban ce uffan ba. Shirun nan ƙarya ce na yi muku, kuma ba na so in shiga kabari da ita.

Kuna tuna ginin: jan bulo a bayan layin dogo, da fili a gefensa wanda ruwa ke kwanciya a gaban raga ɗaya duk lokacin sanyi. Abin da ba ku sani ba shi ne tarihinsa, don lokacin ku ƙwallo kawai ke kai ku. Ni kuwa na san shi, domin shekara goma sha ɗaya ina goge gilashin hotunan da ke jikin bango. Waɗanda suka kafa shi ma'aikatan jirgin ruwa ne, Girkawa da suka sauka a bakin kogin nan ba su sake hawa ba. Da kokawa suka fara, a wani ɗakin ajiyar kaya, a kan buhunan da suka cusa wa tsumma. Daga baya suka yi ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ranar Lahadi. Da yaƙi ya koro Girkawan tsibirin Kubrus, suka zo da akwatunansu da makullan gidajen da ba za su sake buɗewa ba, sai kulob ya cika. Masu suyar kifi da dankali, da teloli, da masu aski, kowa ya tashi aiki nan yake nufa. Aka ƙara ƙwallon kwando, aka ƙara ɗaga ƙarfe da tenis na tebur, mata ma suka kafa tasu ƙungiyar ta ƙwallon raga, har suka ciwo kofin da ya fi na mazan girma, abin da mazan ba su taɓa yafe musu ba. Babu wanda ake biya don ya yi wasa. Sunan kulob ɗin da yarensu yana nufin komawa gida, kuma duk waɗanda ke cikin hotunan farko a maƙabartar garin nan aka binne su. Doka ɗaya ce tak a shafin farko na littafinsu: babu mai zama ɗan ƙungiya sai wanda uwarsa ko ubansa Bagirke ne. Kowa na iya zuwa ya yi wasa, amma a matsayin baƙo. Da haka kuka yi wasa ku ma.

Da shara da goge-goge na fara. A satina na biyu ina jan mofa a gaban ɗakin kokawa, ina mita ni kaɗai da Hausa a kan takalman da suka ɓata mini ƙasa, sai na ji murya a bayana.

"Sannu da aiki, uwar gida. Ina gajiya?"

Mofar ta faɗi daga hannuna. Na waiga na ga wani farin dattijo, gajere, mai faɗin ƙirji, kunnuwansa a murɗe irin na tsofaffin 'yan kokawa, yana dariya har idonsa ya ɓace. Stavros ke nan, shugaban kulob, wanda kuka sani da Baba Mai Sikeli. Ya ce tun yana saurayi aka tura shi Kano wurin kawunsa, ya yi shekaru yana awon gyaɗa a kusa da tashar jirgin ƙasa, kuma mutanen can ne suka sa masa Mai Sikeli. Hausarsa ta tsaya a zamanin da ya baro ta. Rantsuwa yake yi irin ta dillalan gyaɗa, yana tambayata labarin mutanen da tabbas sun daɗe da zama ƙasa. Ni kuma Bakanuwa yake ce mini, bai taɓa kirana Asabe ba. Shi ya mai da ni kicin, na koyi dafa musu gahawarsu mai kauri a ƙananan kofuna. Duk ranar Lahadi bayan wasa sai ya jingina da ƙofar kicin ya ce in ba shi labarin Kano, ko da me ka zo an fi ka, in ji shi, yana buga ƙirji kamar garin ubansa.

A nan dole in faɗi abin da uwa ba ta faɗa wa 'ya'yanta. Ni littattafan soyayya ne suka raine ni. Tun ina amarya a Kano nake karɓar hayarsu ina ɓoyewa a ƙarƙashin katifa, kuma da zan taho, rabin akwatina su ne. A cikinsu na koyi duniya. Na koyi cewa kallo ɗaya ya fi magana dubu, cewa mace mai daraja ba ta tambayar dalili, in an ɓata mata sai ta juya ta tafi, namiji kuma ya biyo ta yana ba da haƙuri. Da wannan ilimin na zauna a kicin ɗin Girkawa ina son dattijon da ya girme ni da shekara ashirin. Babu abin da ya taɓa shiga tsakaninmu, Allah shaida ne. Shi Kirista ne, matarsa ta rasu, ni Musulma ce mai 'ya'ya biyu, na san babu hanya. Ban nemi hanya ba ma. Ya ishe ni in ji takunsa a baranda, in san a duk faɗin London akwai mutum ɗaya da ke ce mini ina gajiya, kuma yana tsayawa ya ji amsa.

Akwai wata ɗabi'a ta mutanen nan da ta dame ni tun ranar farko. Ka tambayi mutum ko yana son ƙarin gahawa, sai ya ɗaga haɓa sama, ya ɗage gira, ya ja maka tsaki. Tsofaffi suna yi, mata suna yi, har junansu suke yi wa. Kun san mene ne tsaki a wurinmu. A gidanmu na Kano tsaki ɗaya ya taɓa raba yayata da ƙanwar mijinta shekara uku. Na ɗauka raini ne kawai a jininsu, na haɗiye, na ce ai aiki na zo yi. Ban taɓa tambayar kowa ba, don wa zai je ya ce a yi masa bayanin zagin da aka yi masa? Mutum ɗaya ne bai taɓa yi mini ba, ko sau ɗaya, cikin shekara goma sha ɗaya: Mai Sikeli. Na riƙe wannan a zuciyata kamar wasiƙar soyayya. Na ce shi kaɗai ne ya san darajata.

Shekarar da nake son ba ku labari, kulob ya riga ya tsufa. 'Ya'yan masu suyar kifi sun zama lauyoyi da likitoci sun bar unguwa, jikoki ba sa jin yaren. Ɗakin kokawa ya koma wurin ajiye kujeru. Ranar Lahadi yaranmu ne ke cika fili, 'yan Najeriya da 'yan Ghana da sauransu, duk baƙi, tsofaffin Girkawa kuma suna bakin layi cikin manyan riguna suna yi musu ihu da yaren da yaran ba sa ji. Sai takarda ta zo daga council. Wa'adin lease, wato hayar fili da gini, ya kusa cika, kuma ba za a sabunta ba sai kulob ya nuna na mutanen unguwa ne gaba ɗaya, wato a soke dokar shafin farko, a kawo form na sababbin 'yan ƙungiya kafin ƙarshen bazara. In ba haka ba, a ba masu gina gidaje wurin. Ban ga laifin council ba, ko a lokacin. Taro uku aka yi ana buga tebur. Wata tsohuwa, Marula, wadda mijinta ke cikin hoton farko, ta ce gara a rufe da a miƙa wa baƙi. Mai Sikeli ya tsaya da ƙafafunsa har ya rinjaye su da ƙyar. Da aka watse ya zo ƙofar kicin, gumi na zuba a wuyansa, ya miƙo mini damin takardu.

"Bakanuwa, kulob yana hannunki. Ni na buɗe ƙofa, amma mutanenki ba za su shigo don ni ba. Sai don ke."

Ban taɓa jin daɗi irin na watan nan ba. Na tafi wurin Hajiya Memuna, 'yar zangon Kumasi mai shagon kayan miya a high street, babban titin kasuwar unguwa, wadda babu suna ko biki da ake yi a unguwar ba da ita ba. Ta juya takardar sama da ƙasa, ta ce da Hausarsu ta zango, wadda mace da namiji duk kai ne, "Kai Asabe, wannan tsoho ya ba ka magani ne? Kullum Girki, Girki." Ta yi dariya, amma ta karɓa. Muka bi masallaci bayan Juma'a, muka bi gidajen suna, muka tare direbobin bus a tasha. Iyayen da yaransu ke wasa a filin suka sa hannu, har da waɗanda ba su taɓa taka ƙwallo ba. Takardu suka cika jakata ta Makka har zip ya ƙi rufuwa. Ina tafe ina ƙaga ranar da zan juye su a kan teburinsa, da irin kallon da zai yi mini.

Saura sati uku wa'adi ya cika, Mai Sikeli ya faɗi a bakin fili yana gyara raga. Shanyewar ɓarin jiki. Da aka sallamo shi daga asibiti, hannun dama ya mutu, baki ya karkace, magana ta tafi gaba ɗaya, Turanci da Girkanci da Hausar duka. Amma yana ji, yana ganewa. 'Yarsa Eleni ta turo shi a keken marasa lafiya wata Lahadi da rana, don likita ya ce ganin wurin da ya saba zai taimake shi. Ranar na zo da jakar. Ina kicin ina jera kofuna sai na ji Marula a bayan ƙofa tana magana da wasu mata, ta ambaci sunana, ta haɗa da kalma ɗaya da na sani a yarensu: kseni. Baƙuwa. Kamar a Hausa, kalmar tana ɗaukar baƙon da ake shimfiɗa wa tabarma, tana kuma ɗaukar bare wanda ba a san asalinsa ba, kuma daga muryarta na san wanne take nufi. Ta ƙara da Turanci, don in ji, cewa yanzu da shugaba ya kwanta, mai wanke kofi za ta gaje su.

Da na bar ta da Allah, da yau kulob yana nan. Amma sai na fito da tire a hannuna, na ratsa zauren, na durƙusa a gaban kekensa. Na yi masa magana da Hausa, don kada kowa ya ji sai shi.

"Mai Sikeli, shekara goma sha ɗaya. Ka gaya mini gaskiya. Ni har yanzu baƙuwa ce a gidan nan?"

Ya dube ni da idon nan ɗaya da ya rage masa da rai. Leɓensa ya yi rawa, ya yi ƙoƙari, babu abin da ya fito. Sai ya ɗaga haɓa sama, ya ɗage gira, ya ja tsaki. Ƙarami ne, amma kowa a zauren ya ji.

Na ajiye tiren a ƙasa a hankali. Na kwance rigar aiki na ninke ta a kan kujera, na ɗauki jakata, na fita. Eleni ta biyo ni har bakin ƙofa tana tambaya me ya faru, ban waiga ba. A raina cewa nake yi, ashe shekarun nan duk ladabin baki ne, yau da ciwo ya cire masa kunya ga abin da ke cikinsa ya fito, a gaban Marula. Har na tuna ina jin wani irin daɗi mai ɗaci a hanya, don na yi tafiyar nan daidai yadda ake yin ta a littafi, kai a sama, hawaye bai zubo ba sai da na sha kwana.

Na ɗora jakar a kan wardrobe. Da Hajiya Memuna ta zo tambayar takardun mutane, na ce mata Girkawa ba sa son mu, shugabansu ya yi mini tsaki a bainar jama'a. Ta riƙe baki, ta ce ai ko a zango wanda ya yi wa babba tsaki sai an zauna a kansa. Kafin Juma'a labari ya gama unguwa, iyaye suka hana yaransu zuwa fili. Eleni ta yi ta kira, ina kallon wayar tana haske har ta mutu. Ta zo ta ƙwanƙwasa sau ɗaya, ke Hauwa na sa ki ce mata ba na nan, kina iya tunawa, kin ce mini "Mum, she's crying," na ce ki rufe ƙofa. Kun san abin da nake jira? Biko nake jira. Na yi yaji daga gidan da ba a aure ni ba, na zauna bakin taga ina jiran mutumin da ba ya iya tashi daga kujera, ba ya iya furta kalma ɗaya, ya zo ya ba ni haƙuri. Kowace safiya sai in ce gobe zan kai takardun, bari dai su ɗan ji zafi. Wa'adi ya cika jakar tana kan wardrobe.

Aka rufe kulob kafin sanyi ya shigo. Na ji an raba kofuna tsakanin iyalai, hotuna kuma wasu an kai coci, wasu sun tafi cikin bola tare da katifun kokawa. Mai Sikeli ya rasu a gidan kula da tsofaffi bayan 'yan watanni. Ban je gaisuwa ba. Har lokacin ina riƙe da fushina, ina ganin ni aka zalunta.

Bayan kusan shekara biyu na haɗu da Eleni a kasuwar high street, a gaban mai kifi, shi ma Bagirke ne ɗan Kubrus. Babu hanyar kaucewa, muka gaisa sama-sama. Mai kifin ya tambaye ta ko ya cire kan kifin. Ta ɗaga haɓa, ta ɗage gira, ta ja tsaki. Mutumin ya ce to, ya naɗe mata kifinta da kansa, yana murmushi, har yana tambayar lafiyar yaranta. Na tsaya ina kallonsu. Na ce mata me ya yi mata da za ta wulaƙanta shi haka? Ba ta gane ba sai da na kwaikwaya. Ta yi 'yar dariya ta ce wannan ai a'a ce kawai, haka suke cewa a'a, babu komai a ciki, uwa na yi wa ɗa, ɗa na yi wa uwa. Ta ce babansu ne kaɗai ba ya yi, har ya hana su yi a gida suna yara, don wai yana saurayi a Kano ya taɓa yi wa wani dattijo mai gyaɗa, saura kaɗan a yi masa duka, tun ranar ya rantse ba zai ƙara ba. Sai da magana ta ɗauke masa ya koma yi, don ba shi da wata a'a sai ita. Daga nan ta dafa hannuna.

"Asabe, me kika tambaye shi ranar nan? Mun ɗauka wani abu kika roƙa ya hana ki. Har ya mutu, duk wanda ya buɗe ƙofar ɗakinsa sai ya juya ya duba, in ya ga ba ke ba ce ya mai da kai."

Na bar kifina a kan teburin na tafi. Bayan sati ɗaya ta turo mini ambulan ta gidan waya. Form ne na sababbin 'yan ƙungiya, mai lamba ɗaya, ya cike shi da hannunsa tun kafin ya faɗi. A wurin suna bai rubuta Asabe ba, Bakanuwa ya rubuta, sannan ya soke, ya rubuta sunana na gaskiya a sama da ƙananan haruffa. Wurin sa hannu ne kawai ya bar mini.

Na sha gaya wa kaina cewa ko da na kai takardun, wataƙila kulob ɗin da ya mutu bayan 'yan shekaru, tunda tsofaffin suna ƙarewa. Wataƙila. Amma wannan hisabin ba ya kwantar mini da hankali, don ba tsufa ne ya kashe shi ba, ni ce. Mutanen da suka rasa ƙasarsu suka gina wuri ɗaya da hannunsu, suka riƙe shi tun daga zamanin buhunan tsumma, ranar da suka yarda su buɗe ƙofa suka ba ni makulli, na kai shi kan wardrobe. Yaran unguwar nan yanzu ba su da fili. Na yi istigfari, na yi sadaka, na je Makka na roƙa, amma wanda zan nemi gafararsa ba ya nan, kuma ban san ma yadda ake roƙa wa irinsa ba, sai dai in ce Allah ya fi ni sanin abin da ke zuciyarsa. Littattafan nan na ba da su duka. A cikinsu ko yaushe akwai babi na ƙarshe da gaskiya ke fitowa tun masoyi yana da rai.

Yanzu benaye ne a wurin, masu baranda ta gilashi. Bus ɗin da ke kai ni asibiti yana bi ta gabansu, kuma na gane daidai inda ragar nan take, don har yau ruwa yana kwanciya a wurin ajiye motocinsu. Jakar tana nan inda na ɗora ta. Idan na mutu za ku same ta, da sunayen iyayen abokanku a ciki, da form mai lamba ɗaya a sama. Ban sa hannu ba, don babu inda zan kai shi. Kada ku zubar ba ku karanta ba.

Faruk, ka je ka gyara maganar da ka faɗa wa surukanka. Idan kuma ɗayanku ya zo ya zauna a gabana ya sake tambayata ko Girkawa ne suka kore ni, zan ɗaga haɓa in ja masa tsaki. Kada ya tashi ya fita.